Yadda Na Rabu Da Fitiluna

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya taɓa zama ɗaki ɗaya da ni a kwalejin nan ya san ciwona. Waɗansu hotunan 'yan ƙwallo su ke tarawa, ni kuwa fitilu da ƙwayayen lantarki. Tun ina aji huɗu a makarantar mishan ta garinmu abin ya kama ni, ran da malaminmu ya ɗaga wani mataccen ƙwai ya nuna mana siririyar wayar da ke ciki, ya ce ita ce ke yin zafi har ta yi fari ta ba da haske. Da aka tashi na roƙe shi, ya ba ni. Shi ke nan, ban sāke wuce fitila a bola ba.

Da na je hutun da ya wuce, sai Mama ta kira ni ta ce, "Yayanka zai kawo amarya bayan Kirsimeti, ɗakin nan kuwa su za a ba. Ka san inda za ka kai tarkacenka, in ba haka ba in kira 'yan gwangwan su auna." Na ce, "Mama, ai ba tarkace ba ne, kayan koyarwa ne." Ta ce, "To, wa ka taɓa koya wa da su?" Na yi shiru. Ta ce akwati ɗaya tak za ta ajiye mini.

Na fito da su tsakar gida na ƙidaya, guda 71. Kai, ashe fiye da rabi ƙwayaye ne iri ɗaya, masu waya a ciki, irin waɗanda aka fara yi tun zamanin Edison a 1879. Irin wannan ƙwai, kashi tara cikin goma na wutar da ya ke sha zafi ya ke zama, ba haske ba. Wannan aibi nasa shi ya sama masa gida, gama wata maƙwabciyarmu mai kiwon kaji ta kwashe masu rai duka don ɗumama 'yan tsaki. Na riƙe ɗaya kaɗai, wanda kakana ya zo da shi daga bariki sa'ad da ya ke aikin kuza. A ƙasarmu ta Filato don ma'aikatan kuza aka kafa tashar lantarki ta Kurra tun wajen 1929, saboda haka wannan ƙwai yana da abin da zai faɗa wa yara.

Ƙwayayen nan masu lanƙwasa kamar hanji su ne suka ba ni tsoro. Akwai zaiba kaɗan a cikinsu, watau guba ce, in sun fashe ba a son a shaƙi tururin. Shekara da shekaru ina kwana da goma sha ɗaya a ƙarƙashin gado! Na naɗe su a jarida, ban ba kowane yaro ba.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne fitilun ƙwai. Ina da biyar. Na wanke mafi kyau, na sa sabon lagwani, na kai wa tsohuwa mai ƙosai a bakin hanya, ina tsammani za ta sa mini albarka. Ta juya ta, ta miƙo mini ta ce, "Ɗana, na gode, amma da wane kuɗi zan sayi kananzir?" Ta nuna mini 'yar fitilarta mai cajin rana, ta fi tawa haske nesa. Na komo gida da abata a hannu, kunya ta ishe ni. Ga fitila mai hikima, wadda bututun gefenta ke kai wa wuta iska har guguwa ba ta kashe ta, amma ba mai so ko a kyauta. Huɗu suka tafi wurin 'yan gwangwan. Babbar Tilley mai famfo kuwa na kawo ta ɗakin kimiyya na kwaleji, tana nan bisa kanta ga mai son gani.

Saura aci-balbal. Gwangwanin madara ne kurum da tsumma, marigayi Babanmu ya huda shi da ƙusa da hannunsa. Ko sisi ba za a saya ba, hayaƙinsa kuma baƙanta hanci ya ke yi. Amma a gabansa na koyi haɗa baƙi da wasali, Baba yana bin layi da yatsa. Na sa shi cikin tarin zubarwa sau biyu, sau biyu ina komowa in ɗauke. Mama tana kallona daga bakin murhu, ba ta ce kome ba. Da dare na tarar ta naɗe shi da tsohon ɗankwalinta ta sa a ƙasan akwati.

Guda bakwai suka rage. Makon jiya, a wurin gwajin koyarwa, na jera shida bisa tebur gaban 'yan aji biyar, daga fitilar kasko mai man gyaɗa har zuwa ƙwan LED, na ce su jera su bisa ga tsufa. Gardama ta kaure har aka buga ƙararrawa ba su ji ba. Wata yarinya ta tambaye ni ina ta bakwai ɗin da na ambata. Na ce tana gida wurin Mama.