Seeta Aur Geeta da tambayar 'yarmu

Mu da muka taso a Keffi zamanin kaset ɗin bidiyo, da wuya a samu wanda bai kalli Seeta Aur Geeta ba, fim ɗin Indiyan nan na 1972 da Hema Malini ta fito a matsayin tagwaye. Seeta marainiya ce, matar baffanta ta mai da ita baiwa a cikin dukiyar iyayenta. Geeta kuwa a titi ta girma, ba ta ɗaukar raini. Da suka yi musayar gida, azzalumar ta gane kurenta.

Ranar Asabar muka sake kallonsa da 'yarmu mai shekara 13. Mun zaci za ta ce tsohon yayi ne. Ina! Dariya har da riƙe ciki. Ana gamawa sai ta ce, "Baba, da Seeta ba ta da 'yar'uwa fa, wa zai ƙwace ta?"

Muka yi shiru. A unguwanninmu akwai yaran riƙo da ke wanke-wanke da talla, alhali 'ya'yan gida suna makaranta, kuma duk mun san gidajen. Mun sa maganar cikin ajandar taron ƙarshen wata. Iyaye mata, don Allah ku halarta.