Naira biyar ɗin Baban Wusasa

Har yau in na wuce shagon kayan gini na shaƙi ƙurar siminti da warin sabon fenti, sai in ga kaina ɗan shekara goma sha biyu, da wando ɗan kamfai da silifa wari da wari, ina tsaye a bakin kantin Baban Wusasa a kan titin Zariya, ina jira ya ɗago kai daga littafinsa. Ba mu taɓa kama sunansa ba. Daga Wusasa ya zo, don haka duk Gyaɗi-Gyaɗi, yaro da babba, Baban Wusasa ake cewa.

Bahaushe ne fes, Hausarsa ta Zazzagawa mai ja, ga babbar riga ga hula zanna, sai ranar Lahadi ne za ka san bambanci, in ya garƙame kanti da ƙaton kwaɗo ya loda iyalinsa a akori-kura suka nufi sujada, Mama a gaba da zanen zumuntar mata, yara a baya kowa da Littafin Waƙoƙi a cinya. Simintin Ashaka yake sarowa tirela guda, ga kwano bandir-bandir, ga rodi da ƙusa a buhu, ma'aikatansa sun fi goma. Amma a lungun kantin akwai buta biyu da tabarmar kaba, kuma ran Juma'a da rana ta take tsaka shi ne mai korar lebura: "Ku tashi, kada liman ya riga ku." Shi kaɗai zai zauna gadi, tabarau a kan karan hanci, yana karanta Littafi Mai Tsarki wanda bangonsa ya sha ɗinki. Na mahaifinsa ne, irin bugun farko na Hausa na 1932.

Daminar da ta biyo bayan canjin kuɗi na 1984, iska ta yaye mana rufin ɗaki biyu cikin dare. Da asuba muna tsintar kwano a kwata, Inna tana shanya katifar rimi, sai ga akori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Ba wanda ya aika masa. Ya sauke bandir biyu da ƙusa, ya ce da mahaifina, "Malam, a rufe tukuna, magana daga baya." Mahaifina ba mai son kyauta ba ne, ya kafe sai an rubuta. Aka rubuta. Naira biyar duk Juma'a, ni ne ɗan aike.

Kai yaron nan, me ya shiga kanka ranar? Ranar yawon Sallah ce, takardar mai hoton Tafawa Ɓalewa tana ninke a aljihu, abokai suna ta zuga, Gidan Zu kuma ga shi nan kamar ka miƙa hannu. Na biya wa mutum huɗu kuɗin shiga, muka tsokani gwaggon biri, muka ci tsire mai ƙuli, muka sha lemon kwalba har da gyatsa, ana ta kirana Alhaji. Kafin la'asar ko sisi ba ta rage ba. Ni da ko ƙwandala ban taɓa ɗauka a gefen gadon Inna ba.

Juma'ar da ta zagayo na kai biyar ɗin makon, gabana yana dukan uku-uku. Ya buɗe littafin, baƙin bango ne da jan gindi, ya bi layi da yatsa, ya tsaya a gurbin da babu komai. Ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe. Ina jin fanka tana ƙiiƙii, ina jin kwandastan kiya-kiya a waje yana kiran Bata, Bata. Sai ya ciro biro daga bayan kunne ya cike gurbin da hannunsa.

"Ɗana, tsakanina da Malam an biya. Saura tsakanina da kai. Ka kawo in ka samu."

"To, Baba."

Shi ke nan. Har mahaifina ya koma ga Allah bai ji wannan magana ba.

Kirsimeti kuwa tamu ce duka. Tun jajibere zai kira mahaucin kasuwar Tarauni ya yanka masa raguna, don kada wani maƙwabci ya yi ɗar, sai langa-langa su yi ta fita daga gidan, shinkafa da miya ja wur, da cincin a leda. Ina tuna yadda nake cin tawa a ɓoye a soro don kada 'yan makarantar allo su yi mini tsiya, alhali su ma maiƙo ne a leɓensu. Da azumi shi ke fara aiko da sukari da gero. Marayu nawa suka tashi a gidan nan, mu dai mun ɗauka duk 'ya'yansa ne, sai da muka girma muka rarrabe.

A watan Oktoba na 1991, da gari ya rikice kan zuwan mai wa'azi Bonnke aka sa dokar hana fita, kwana uku Baban Wusasa da iyalinsa suka yi a ɗakunan nan namu biyu, ƙarƙashin kwanon da ya kawo. Mama ta yafa mayafin Inna. Littafi Mai Tsarkin nasa Inna ta naɗe a sabon zane ta sa a adaka tare da kayan aurenta. Da dare nakan ji shi yana addu'a ƙasa-ƙasa, yana ambaton sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, har da nawa.

Da tsufa ya kama shi ya bar wa 'ya'yansa kanti ya koma gida. Na je jana'izarsa, kusa da tsohuwar majami'ar ƙasa ta Wusasa, na tarar da rabin masu zaman makoki 'yan Gyaɗi-Gyaɗi ne da carbi a hannu. Na ja babbar 'yarsa gefe na ba ta labarin, na ce Yaya, ina da bashi. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce littafin yana nan, ta duba, babu sunana a ciki.

Naira biyar ce. Yanzu ko ruwan leda ba ta saya, kuma ban biya ba.