Kayan Sautin Mushe

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Wani mushen lakwal a Magariya ya wayi gari kuɗin da ya daɗe yana tarawa don sayen kayan sauti sun rage ƙarfi, ga albashi sai an ga dama.

Wani ɗan kasuwa mai safara daga Kano ya ce masa: “Mushe, ɗauki Sony gaba ɗaya, rediyo da kaset da lasifika, uwa ɗaya uba ɗaya.” Maganarsa da ƙanshin gaskiya, domin kamfani ya riga ya daidaita su. Amma ƙurar hunturu ba ta jin kunyar suna. In kaset ya cije a akwatin haɗe, dukansa ake ɗauka zuwa wurin mai gyara a Damagaram.

Mushe ya zaɓi gauraye. Ya sayi ampili Pioneer na hannu, ya tabbatar lasifikan masu ohm 8 ne, ya jona tsohuwar rediyonsa. Kaset ɗin Sharp ya jira albashi na gaba. Maƙwabta suka yi dariyar launin da bai zo ɗaya ba.

Ranar da kaset ya cinye zaren Shata, shi kaɗai ya tafi gyara. Muryar Sahel ba ta yi shiru a gidan ba.