Masaukin Baƙon Kifi

Bahaushe ba ya son a ce ya wulaƙanta baƙo. Tun muna yara aka koya mana cewa in baƙo ya yi sallama a ba shi ruwa, a shimfiɗa masa tabarma, tambayar daga ina ya fito kuwa sai ya huta. To amma mu 'yan tsirarun malaman makaranta da muka shiga kiwon kifi a nan yankin Gwarzo da Kabo, saboda albashi ya daina kai mu ƙarshen wata, sana'ar ta tilasta mana wata ɗabi'a da ta saɓa wa wannan. Baƙon kifi ba ma haɗa shi da na gida ranar da ya iso. Sai mu sauke shi a wani ɗan tanki daban, mu sa masa ido mako uku ko huɗu, kana mu yanke shawara a kansa.

Mai karatu zai ce ai wannan ba sabon abu ba ne, kuma gaskiyarsa. Makiyayin da ya san abin da yake yi, in ya sayo saniya a kasuwar Getso, turke daban yake kafa mata. Dattawanmu ba su manta da bushiyar 1983 ba, masu kaji kuma ba su manta da murar tsuntsayen da ta shigo gonakin Kano a 2006 ba. A 2020 kuwa mu kanmu aka killace saboda korona. Abin da ya sa ba a yi wa kifi wannan tanadi shi ne ruwa ya rufa masa asiri. Akuya in ta yi tari duk gida an ji, amma tarwada tana iya kwana bakwai da ciwo a ƙarƙashin koren ruwa, mai ita yana ta watsa abinci yana lissafin riba.

Waɗanda suka fi kowa riƙo da wannan ƙa'ida su ne masu ajiye kifin teku don ado a Turai da Amurka. Suna sayen ƙananan kifaye masu launi da ake kamowa a tekun Indonesiya da Filifin, su zuba a akwatin gilashi mai ruwan gishiri tare da murjani mai rai. Duk wanda ya ƙware a cikinsu yana da akwati na biyu, fayau, babu yashi babu ado sai guntun bututun da kifi zai ɓuya, inda sabon kifi zai yi kamar wata guda. Dalilinsu kuwa shi ne maganin da suke kashe ƙwayar cutar da shi akwai jan ƙarfe a ciki, wanda ke kashe murjanin ma. In cuta ta shiga babban akwatin, sai an kwashe kifin duka an bar shi babu kifi ko ɗaya, wasu har fiye da wata biyu, kafin ƙwayar ta mutu don yunwa. In mai kiwo don kallo zai yi wannan wahala, ina ga mu da muka ci bashin ƙungiya muka gina kwami?

Kifinmu ta hanya biyu yake zuwa. Akwai 'ya'yan tarwada daga masu ƙyanƙyasa, a cikin jarkar da aka yanke wa baki, sun sha rana da girgizar mota. Akwai kuma waɗanda masunta ke kamowa da rai a madatsun ruwa irin su Guzu-Guzu da Magaga da Challawa, masu arha da ƙwari, amma sukan zo da matsattsaku da ƙwarƙwatar kifi maƙale a jikinsu. Kowanne daga cikinsu masauki ɗaya muke ba shi.

Masaukin nan ba wani abin kuɗi ba ne. Rabin tankin roba ya isa, ko babban baho, a ajiye a inuwa nesa da kwami, a rufe da raga domin tarwada gwanar tsalle ce. Ruwan burtsatse mukan bar shi ya kwana a buɗe ya sha iska. In kifin ya iso ba ma juye shi kai tsaye, sai mu riƙa ƙara masa ruwan gida kaɗan-kaɗan har kusan rabin awa, don kada bambancin sanyi ya buge shi, sannan mu tsame shi da koma. Ruwan da ya zo da shi gindin zogale yake tafiya. Ranar farko babu abinci. Muna sa gishirin miya, giram biyu zuwa uku a kowace lita, mu riƙa sauya kashi ɗaya cikin uku na ruwan kullum. Kanwa kuwa ba gishiri ba ce a wajen kifi, ko da wani ya rantse muku, domin tana sauya ɗabi'ar ruwa ta ƙara wa dafin kashin kifin ƙarfi. Koma da bokiti da tiyon wannan tanki nasa ne shi kaɗai. Nan ne aka fi samun ɓaraka, domin yaron gida bai ga laifin ɗibar ruwa can da nan da bokiti ɗaya ba.

Me ya sa sai mako uku, ba kwana uku ba? Ku ɗauki cutar farin ɗigo, wadda ke fitowa a jikin kifi kamar an barbaɗa masa gishiri. Ƙwayar takan ci ta ƙoshi a fatar kifin, ta faɗo ƙasan tanki ta lulluɓe kanta, ta rarrabu ɗaruruwa, sannan 'ya'yan su fito neman wani kifin. Tsakanin faɗowarta da fitowarsu kifin zai yi kyau kamar ya warke, kuma a nan mai gaggawa yake ruɗuwa. Da zafi wannan zagaye ba ya wuce mako guda, amma da hunturu, Disamba da Janairu, yana jan ƙafa, shi ya sa a lokacin muke cika mako huɗu cur.

Aikin gaske shi ne kallo. Da safe kafin mu tafi makaranta, da kuma bayan la'asar, mukan tsuguna bakin tankin da littafin rubutu. Wanne ne ya tsaya a tsaye kansa sama ba ya motsi? Wanne yake goga jikinsa a bango? Gashin bakin wane ya yi fari ko ya naɗe, cikin wane ya kumbura, su waye suka ƙi abinci? A nan ne ma ake gane 'yan ƙarfa-ƙarfan da suka zarce sa'o'insu girma, a ware su, in ba haka ba su cinye ƙannensu ɗaya bayan ɗaya. 'Yan'uwa marubuta, mun daɗe muna ce wa ɗalibai su lura kafin su rubuta, amma ba mu taɓa samun darasin lura irin na bakin tankin nan ba.

Akwai masu yi mana dariya, kuma ba mu ce ba su da hujja ba. Abinci shi ke cin fiye da rabin kuɗin kiwo, kifin da ke takure a baho kuma ba ya girma kamar na kwami, ga wahalar jan ruwa. Wani abokin aikinmu da ke wannan ra'ayi ya yi wata huɗu yana ciyar da kifinsa, saura kaɗan masu banda su zo ciniki, sai wani mai talla ya kawo masa ƙanana a farashi mai daɗi, ya juye su a kwami ɗaya. Kafin kwana goma kullum da safe sai ya tsame matattu. Ya bi shagunan magani yana zuba na kaji da na mutane, ruwan ya koma rawaya, abin da ya rage ya sayar a wulaƙance. Bashin dai ana nan ana yankar sa a albashi.

Wanda ya mutu a tankin killacewa rami muke haƙa masa, ba ma jefa wa kaji ko kyanwa. In mutuwar ta yi yawa, duk rukunin ba zai ga kwami ba, sai mu koma wa wanda ya sayar mana da littafinmu a hannu. In kuwa mako ukun ya cika suna cin abinci da rububi, jiki sumul, sai mu zaɓi safiya mai sanyi mu tsame su, mu tantance su bisa girma, mu sake su cikin 'yan'uwansu. Tankin a wanke shi da ruwan gishiri mai kauri, a kife shi a rana kwana biyu tare da komarsa, a jingine a bayan ɗaki sai wani baƙon ya zo.