Tsohon soja da ya koma gida

A Hausa, kalmar "tsoho" na ɗauke da ma'ana biyu. In an ce "tsohon soja", ana iya nufin wanda ya tsufa, ana kuma iya nufin wanda ya ajiye kaki ko da gashinsa bai yi furfura ba. Jimmy Carter ya zama tsohon soja yana ɗan shekara 29, sannan ya rayu har ya cika ɗari, ya haɗa ma'anonin biyu.

An haife shi a 1924 a Plains, wani ɗan ƙaramin gari na manoman gujiya a jihar Jojiya ta Amurka. A 1946 ya kammala makarantar sojan ruwa ta Annapolis, a watan Yulin shekarar kuma ya auri Rosalynn Smith, ƴar garinsu, ƙawar ƙanwarsa. Ya yi aiki a jiragen yaƙi masu tafiya ƙarƙashin ruwa, daga baya ya shiga shirin jiragen da ke aiki da makamashin nukiliya, a hannun Hyman Rickover, shugaba mai tsananin horo.

A Disamban 1952 injin nukiliya na Chalk River a Kanada ya yi haɗari. Carter na cikin waɗanda aka tura kwance shi. Tururin gubar ya kai inda ba a barin mutum ya wuce daƙiƙa 90 a ciki. Sai suka gina kwatankwacin injin a waje, suka riƙa gwaji har hannu ya saba, sannan kowa ya shiga ya kwance ɗan abin da aka ba shi, ya fito a guje.

Sai dai jarrabawar da ta fi wuya a gida ta same shi. A 1953 mahaifinsa ya rasu. Carter ya ga irin jama'ar da ta zo ta'aziyya da alherin da marigayin ya shuka ba tare da ya faɗa wa kowa ba, sai ya yanke shawarar barin soja ya koma gona. Bai shawarci matarsa ba. Ita kuwa Rosalynn aikin sojan ne ya fitar da ita daga ƙauye, ta ga duniya har Hawayi, ta saba riƙe gida da ƴaƴa maza uku ita kaɗai in maigida yana teku. A hanyar komawa Plains da ƙyar ta ce masa uffan. Bayan shekaru shi da kansa ya amsa cewa kuskure ya yi.

Gidan haya na gwamnati suka fara zama, ga fari ya ɓata amfanin gona. A nan Rosalynn ta karɓi littafin lissafin kasuwancin gujiyar, har ta zo ta fi shi sanin inda riba take. Tun daga lokacin shawara ta zama ta mutum biyu, har zuwa fadar shugaban ƙasa, inda ya yi mulki daga 1977 zuwa 1981.

Mutanen karkarar Nijar ma sun ci moriyar wannan zama. Cibiyar da ma'auratan suka kafa a 1982 ta sa yaƙi da kurkunu a gaba, cutar da ke kwantar da manomi daidai lokacin da gona ke buƙatarsa. A 1986 an ƙiyasta masu fama da ita sun kai miliyan 3.5, a 2013 kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da ita.

Rundunar sojan ruwan Amurka ta karrama shi a 2005 da jirgin ƙarƙashin ruwa mai ɗauke da sunansa. Rosalynn ta rasu a Nuwamban 2023 bayan aure na shekara 77, shi kuma ya bi ta a ranar 29 ga Disamban 2024. Shekara bakwai ya yi cikin kaki. An binne shi kusa da ita a Plains, garin da a 1953 ta ƙi son komawa.