Rami Mai Cin Mutum Biyu

A damunar da na cika shekara tara, ni da 'yan'uwana muka kafa runduna a gindin katangar gidanmu a Taba. Daga fadama muka ɗebo yumɓu, can gefen gonakin rake, muka gina sojoji kusan talatin, kowanne tsawon ɗan yatsa. Sillen kara ne bindigarsu, ɓawon gyaɗa kuwa hular kwano. Muka tara ƙasa ta yi tudu, muka jera su a kai, kowa tsaye ƙyam ya banƙaro ƙirji, kamar 'yan fareti.

Baba Saje, ƙanen kakanmu, yana kishingiɗe a zaure yana kallonmu. Kowa a garin ya san ya je yaƙin Bama, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar. Yana cikin Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, wadda ta shiga dazukan Arakan a 1944, amma ba mu taɓa jin labarin daga bakinsa ba. Ranar sai ya dogaro sandarsa ya zo ya tsaya a kanmu.

"Abokina, wa ya ba ka kwamandan waɗannan gawarwaki?"

Na ce, "Baba, ai da ransu."

Ya ce, "Sojan da ya tsaya haka a kan tudu, kafin ya ce Bismillah an yi masa salla."

Sai ya durƙusa da ƙyar, ya karɓi tsohon cokalin da muke kwaɓa laka da shi, ya shiga haƙa. Ramin farko zurfinsa ya kai hamatar sojanmu, faɗinsa daidai mutum biyu, don ɗaya ya runtsa ɗaya ya yi gadi. Ƙasar da ya tono ya shimfiɗe ta a bakin ramin, ya lulluɓe da ganyen tafasa, domin a cewarsa sabuwar ƙasa annamimiya ce, launinta ke kai rahoto ga abokan gaba. A ƙasan ramin ya ƙara wani ɗan gurbi inda ruwa zai taru. Ramukan kuma bai yarda su kusanci juna ba, kada harsashin igwa ɗaya ya share dangi. Sojojin da muka sha wahalar miƙarwa duk ya jiƙa su ya tanƙwara musu gwiwa da wuya. A ƙarshe ya ɗauki buta ya tsiyaya ruwa a kowane rami.

"Yanzu ga Bama," in ji shi. "Saura sauro da matsattsaku."

Gaskiya ba mu ji daɗi ba. Da muka ja da baya muka duba, babu abin gani sai ɓawon gyaɗa yana leƙowa daga ganye. Rundunar da muke taƙama da ita ta shige ƙasa kamar gyare. Wasan ma ya mutu, don ba a yi wa wanda ke tsugune cikin taɓo kirari.

Bayan na girma na ga hotunan aikin masu wannan sha'awa a Turai da Asiya, waɗanda ke gina fagen fama sukutum a kan allo. Da yawansu suna aiki da ma'aunin 1:35, inda mutum ba ya wuce santimita 5. Kamfanin da ya yaɗa ma'aunin, Tamiya, na Japan ne, ƙasar da Baba ya haƙa ramukansa don tsoron harsashinta. Gwanintarsu ba ta da musu: tsatsar gwangwani, taɓon da ya bushe a takalmi, har zaren buhun yashi. Sai dai na lura hannunsu ya fi karkata ga lokacin da ake harbi, kowane soja baki buɗe yana ihu. Mai kallo motsi yake so, shi kuwa rami wurin jira ne, kuma jira ba ya kyau a cikin gilashi. Ban ga laifinsu ba, mu ma abin da muka so ke nan. Amma duk hoton da na duba, ramukan nake fara ƙirgawa, in ga ko akwai wanda aka bari da gurbi.

Dalili shi ne, a yammacin ranar na lura rami na ƙarshe, na kusa da kwata, soja ɗaya ne a ciki, an matsar da shi gefe guda. Na ɗauka mantuwa ce irin ta tsufa. Na murza sauran yumɓu na yi wani, na tanƙwara shi yadda aka koya mana, na zura shi. Baba Saje na dawowa daga masallaci ya gani. Ya sunkuya ya zare shi a hankali, ya damƙa mini a tafin hannu.

"Bar wurin nan haka. Mai shi ya fita ɗibar mana ruwa."

Na ce, "Yaushe zai dawo, Baba?"

Bai amsa ba. Ya gyara ganyen da na ture, ya shige zaure. Kwana biyu bayan haka aka tafka ruwa da dare, gari ya waye babu runduna babu ramuka, sai ɓawon gyaɗa a bakin kwata.