Kwalejin Matamaye da Gidajen da Suka Riƙe Mu

A zamaninmu, yaron ƙauye da ya ci jarrabawar satifika a ƙasar Kance yakan sami labari iri biyu a rana ɗaya. Na farko, an tura shi kwalejin Matamaye. Na biyu, sai ubansa ya nemo masa gidan da zai zauna, domin ba mu da wurin kwana a makaranta. Yara masu ƙwaƙwalwa da yawa a kan wannan labari na biyu karatunsu ya tsaya, kuma babu rajistar da ta rubuta sunayensu.

Na shiga ajin sizyam, ajin farko na kwaleji, a Oktoban 1986. Ƙasa ba ta gama farfaɗowa daga yunwar 1984 ba, wadda mutanenmu suka laƙaba wa suna El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Buhari ta yi. A watan Maris na shekarar da na shiga ne aka buɗe iyakar, motoci suka koma bin gudurum daga Damagaram ta Takyeta, su ratsa Matamaye, su wuce Ɗan Barto zuwa Daura da Kano. A irin wannan lokaci ɗaukar ɗan wani ka ciyar da shi ba ƙaramin abu ba ne. Duk da haka wani dillalin gyaɗa da mahaifina yakan sauka wurinsa in ya zo cin kasuwa ya karɓe ni. Maganar ba ta yi tsawo ba.

"Malam, ga ɗanka na kawo maka."

"Ai gida ya zo. A kai kayansa zaure."

Shi ke nan. Babu takarda, babu ciniki. Da kaka mahaifina ya aiko da dammunan hatsi a amalanke, mai gida ya yi ta faɗan wai an mai da shi baƙo, sannan ya sa aka zuba a rumbu.

A zauren nan na tarar da wasu 'yan lakwal daga wajen Yawuri da Dungu da Kurni. Tabarma ɗaya, fitilar ƙwai ɗaya, kananzir kuwa na Najeriya ne mai araha, muna karo-karo mu saya a kwalba. Uwargidan, da muke kira Inna, ba ta taɓa zama a aji ba, amma ta san ranar kwamfozisiyo fiye da wasunmu. Ran da ta ga mun kwana muna haddar darasi, da asuba sai ta dama fura ta ce, "Ku sha, ciki da yunwa ba ya riƙe Faransanci." Mu kuma muna biya da jiki: ɗiban ruwa, kai wa dabbobi harawa, ranar da babu aji mu bi mai gida fadama mu taya shi ɗaurin rake. Ba kowa ya yi dace irin namu ba. Na san yaran da aikin gidan masauki ya cinye musu lokacin karatu har aka kore su a ƙarshen sizyam, kuma 'yan mata sun fi shan wannan wahala. Uba nawa ne zai kai budurwa gidan da bai sani ba? Shi ya sa 'yan matan ajinmu kusan duk 'yan cikin gari ne.

Ita makarantar kanta, abin da na fi tunawa shi ne tsari. Lokacin mulkin Seyni Kountché ne, sirbeyan, mai sa ido kan ɗalibai, na tsaye a bakin ƙofa, wanda ya makara ya san sauran. Ana ba 'yan ƙauye ɗan kuɗin burs, kuma ranar da aka biya, masu tsire da masu ƙosai sukan riga mu sani. Malaman da muke kira Mushe daga ko'ina suke: Zabarmawa daga yamma, Barebari daga gabas, da matasan da suka gama jami'a aka turo su bautar ƙasa. A bakinsu na fara gane cewa Nijar ta fi Damagaram faɗi. Turanci ne darasin da muka fi ɗauka da wasa, alhali mu ne muka fi kowa bukatarsa, tunda Kano ta fi mana Yamai kusa nesa ba kusa ba.

Kountché ya rasu ran 10 ga Nuwamban 1987, muna ajin sankyam. Ali Saibou ya hau mulki, aka sassauta. Sai ga 9 ga Fabrairun 1990, ranar da aka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy ta Yamai lokacin zanga-zangar ƙungiyar ɗalibai ta USN. A rediyo muka ji, a zauren nan. Daga ranar karatu ya rikice a ƙasa baki ɗaya: yajin ɗalibai, yajin malamai da ke bin bashin albashi, taron ƙasa na 1991, sannan karya darajar sefa a Janairun 1994. Shekarar da ta lalace, ɗan gari zaman gida kawai ya yi. Ɗan ƙauye kuwa sai mai masaukinsa ya ƙara ciyar da shi wata shekara da ba a yi alkawarinta ba. Wasu abokanmu kunya ta hana su komawa, suka kama safarar fetur a jarka ko suka tafi cin rani Kano. Ni mai gidanmu ne ya aika ƙauye aka taso ni, ya ce wanda ya fara haƙa rijiya ba ya tsayawa kafin ruwa.

Da na sami birebe, takardar gama kwaleji, sai Lise Amadou Kouran Daga a Damagaram, domin a lokacin, can ne 'yan yankinmu ke zuwa neman bak, takardar gama sakandare. Nan ma sai da aka sake neman masauki.

Yau abin ya canja. Yaro na iya kaiwa ajin ƙarshe na sakandare ba tare da ya bar Matamaye ba, kuma tun 2010 akwai jami'a a Damagaram. Bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 kwalejojin karkara sun yawaita, yara na kwana gidan iyayensu, 'yan mata sun cika azuzuwa. Wannan ci gaba ne, ba na musu. Sai dai yawancin masu koyarwa 'yan kwantaragi ne, kuma azuzuwa da yawa rumfunan kara ne, irin waɗanda gobara ta cinye da yara a Yamai da Maraɗi a 2021. Ɗan ƙanena yana karatu a ɗaya daga cikin waɗannan kwalejoji. A takarda Oktoba ake komawa, amma ajinsu ba ya tsayuwa sai an gama girbi iyaye sun kawo karan da za a kafa rumfa.